Tausayin Uwargida Wilson: Nazari a kan Gajeren Labarin Claire Keegan

Karon farko da na karanta *Small Things Like These*, littafin Claire Keegan na 2021, na faɗa ramin da nake zaton masu karatu da dama sun faɗa. Na ɗauka marubuciyar ta aza ɗariku biyu a kan sikeli ne, ta ba Furotesta tausayi, ta bar wa Katolika ƙeta. Sai a karatu na biyu na gane na yi wa littafin gaggawa.

Labarin yana faruwa a garin New Ross na ƙasar Ailan, dab da Kirsimetin 1985. Bill Furlong mai sayar da kwal ne. Mahaifiyarsa ta ɗauki cikinsa tana da shekara 16, ba aure, tana aikatau a gidan Uwargida Wilson, wata Furotesta da mijinta ya rasu. Danginta suka juya mata baya, uwar ɗakinta kuwa ta riƙe ta, yaron ya tashi a gidan. Da ya girma, wata safiya ya kai kwal gidan sistoci, ya tarar da yarinya mai suna Sarah kulle a rumbun kwal, an raba ta da jaririnta. Gidan yana cikin gidajen wankin Magdalene, inda ake tsare irin waɗannan 'yan mata suna aiki ba lada; na ƙarshensu sai a 1996 aka rufe shi.

Bambancin aƙida tsakanin ɗarikun gaskiya ne. Wurin Katolika aure sakramenti ne, ɗaya daga cikin bakwai, ba ya warwaruwa, kuma tun majalisar Trent a 1563 sai gaban firist da shaidu. Martin Luther kuwa ya ɗauke shi al'amarin zaman duniya. Haka ma tabbatarwa, ibadar da bishop ke ɗora wa matashi hannu: Katolika na ganin tana barin hatimin da zunubi ba ya gogewa, yawancin Furotesta na ɗaukarta furucin bangaskiyar wanda aka yi wa baftisma yana jariri. To amma a bi aƙidar Katolikan zuwa ƙarshenta. A Ailan akan tabbatar da yara wajen shekara 12, ke nan yarinya kamar Sarah cikakkiyar 'yar ikkilisiya ce, ciki bai cire ta ba. Dokar ikkilisiyar ma ba ta karɓar auren da aka ɗaura bisa tilas. Kullen rumbun bai fito daga koyarwar ba.

Tausayin Uwargida Wilson ma bai fito daga tata koyarwar ba, kuma nan ne Keegan ta fi burge ni. Ta nuna cewa addini a gidan sama-sama yake ta kowane ɓangare: ran Lahadi mota ɗaya ke sauke uwar gida a cocinta, ta wuce da uwa da ɗa zuwa nasu. Abin da matar ke da shi fansho ne da gona da dabbobi. Ba ta cin abinci a hannun kowa, don haka ba ta tsoron bakin kowa. Furlong kuwa 'ya'ya mata biyar gare shi, makarantar kirki ta garin kuma ta sistocin ce. Matarsa Eileen, da ke ce masa ya kau da kai, lissafin tukunya take yi, kuma na kasa ganin laifinta yadda na so.

Tarihi ma bai wanke Furotesta ba. Suna da nasu gidan a Dublin, Bethany Home, inda jarirai da yawa suka mutu. Tun 1891 kuma Thomas Hardy ya nuna limamin Anglikan yana hana jaririn Tess jana'izar Kirista.

Inda nake da ƙorafi shi ne Sarah. Kalmominta ba su cika tafin hannu ba. Muna ganinta ta idon Furlong kawai, ta zama madubin da yake hango mahaifiyarsa a ciki. Littafin ya ƙare yana tafe da ita cikin gari zuwa gidansa, bai san yadda Eileen za ta tarbe su ba, jaririn kuma ba a dawo mata da shi ba.