Jitar Messi Martin da Abin da Ta Bari

A ƙarshen shekarun 1960 wata ƙungiyar makaɗa ta taso a Marwa, a arewacin Kamaru, ƙarƙashin Jean Gabari. Ita ce aka sani daga baya da suna Los Camaroes. Da farko kiɗan baƙi suke yi, musamman rumba ta Kwango da ta Kyuba. Sannu a hankali suka gangara kudu har Yawunde. A cikinsu akwai mai jita, Messi Martin, wanda yau ake kira uban bikutsi na zamani.

Me ya yi da har ya sami wannan suna? Mutanen Beti suna da abin kiɗa na gargajiya, balafon, wato jerin katako da ake bugawa da sanduna. Messi ya cusa abu mai taushi tsakanin tsirkiyoyin jitarsa, don sautin ya daina ja, ya riƙa fita gajere, ƙwas-ƙwas, kamar bugun katako. Da haka jitar Bature ta soma magana da harshen ƙauye. Duk wanda ya saurari faifan da suka yi a 1979, wanda kamfanin Analog Africa ya sāke fitarwa a 2017, zai ji yadda jitar ke tafiya tare da ganga, ba ta neman danne kowa. Gwanintarsa ke nan: ya san inda zai buga, ya kuma san inda zai yi shiru.

Hanyar da ya share ta yi nisa. Zanzibar na ƙungiyar Les Têtes Brûlées, wanda ya rasu a 1988, ya ƙara mata zafin kiɗan rok. Vincent Nguini kuwa ya kai salon jitar Kamaru cikin faifan Paul Simon na Amurka a 1990.

Amma ba a rasa abin gyara. Kiɗan ya girma ne a gidajen giya, kuma wasu da suka biyo baya sun ɗauki sauri da ƙara, suka haɗa da kalmomin batsa, suka bar natsuwar. Laifin nan ba na tsirkiya ba ne, na hannu da baki ne.

Darasin ya shafi matasan Garwa. A majami'u da yawa jitar lantarki ta shigo, garaya da molo sun koma lungu. Yaro yakan kwaikwayi abin da ya ji daga waje, ya ƙure ƙara har jama'a ba sa jin kalmomin waƙar yabo. Messi bai ƙi kayan baƙo ba, bai kuma raina na gida ba. Ya sa baƙon ya koyi harshen masu gida. Bakin kogin Binuwai yana jiran wanda zai zauna gaban tsoffin masu garaya, ya saurara da kyau, sa'an nan ya ɗauki jitarsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.