Amina a Allon Kwamfuta: Tarken Dabarun Cin Ƙasa a Wasan Civilization VII

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a ɗora wani wasan kwamfuta a kan faifai, a dubi irin hoton yaƙi da cin ƙasa da yake cusa wa mai yin sa, sa'an nan a gwada hoton nan da abin da aka sani na tarihin Zazzau. Wasan shi ne Civilization VII, wanda kamfanin Firaxis na Amurka ya fitar a watan Fabrairu na 2025, kakansa na farko kuwa a 1991 ya fito. Dalilin da ya sa ya cancanci a kawo shi gaban taro irin wannan kuwa shi ne, a cikin shugabannin da mai wasa zai iya zaɓa har da Sarauniya Amina ta Zazzau. Ke nan akwai dubban mutane a duniya, har da wasu ɗalibanmu, waɗanda a bakin wannan wasa za su fara jin sunanta. Duk bayanin dokokin wasan da zai biyo baya, na yadda ya fito ne a 2025.

Yadda ake ci a mataki mafi tsanani

Wasan na bi-da-bi ne, kamar darar da dattawa ke yi a gindin bishiya ranar kasuwar Makarfi: ka taka, abokin karawa ya taka. Sai dai a nan garuruwa ake kafawa, a tara dukiya, a haɗa runduna. Matakan wuyarsa 6 ne. A na ƙarshe kwamfuta ba ƙarin basira take samu ba, fifiko kawai ake ba ta tun daga farko, watau dukiyarta ta fi saurin haɓaka, mayaƙanta kuma a ƙara musu maki 8 na ƙarfi. Ita Amina an ba mayaƙanta ƙarin maki 5 idan a fili ko a hamada ake fafatawa. Saboda haka mai wasa da ita ba shi da zaɓi sai ya jawo abokin gaba zuwa fili, ya tara mayaƙansa ƙarƙashin kwamanda guda, domin kwamanda ne kaɗai ke ƙara ƙwarewa, ya sa maharba su sassaƙe ganuwa daga nesa, kana ya ci unguwannin da aka kewaye ɗaya bayan ɗaya kafin birni ya faɗi. A zamanin farko na wasan ana neman maki 12 kafin a ce an gama hanyar soja, garin da aka ci da yaƙi kuma maki 2 yake bayarwa, wanda aka kafa da hannu maki 1.

Gwajin hoton da tarihi

Ya kamata a fara da yabo inda ya dace. Masu wasan sun ƙara wa biranen Amina wurin ajiye albarkatu, kowace albarka kuma tana jawo mata zinariya. A nan sun dace, domin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, bai raba yaƙinta da fatauci ba. Ya ambaci cewa ta yi shekara 34 tana yaƙi, ta kai har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe kuma ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Haka nan muhimmancin da aka ba ganuwa ya yi daidai da abin da ke bakin mutane, tun da har yau akwai tsofaffin ganuwoyi da ake jingina mata.

Amma fa daga nan sai hanya ta rabu. Kuskure na farko na ƙasa ne. Duk wanda ya bi hanya daga Hunƙuyi zuwa Makarfi, ya zarce Ikara, ya san ba hamada ya ratsa ba. Fadamun rake da tumatir ya gani, da jigawar dawa da masara. Fili kam akwai shi, kuma doki yana jin daɗinsa da rani. To, amma yaƙe-yaƙen da suka ɗaukaka sunan Amina kudu suka nufa, inda daji ke da duhu, ƙudan tsando kuma ke kashe doki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri, cewa ya yi a Atagara ta rasu, can kudu. Ashe ke nan wasan ya ba ta ƙarfi a inda ba ta da abin nema, ya bar ta ba komai a inda ta sha wuya. Ina ganin abin da ya faru shi ne, an ji an ce Afirka ta Yamma da fatake, sai aka zana rairayi.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne ma'anar ci ita kanta. A wasan, in ka ci birni ya zama naka, launinsa a taswira ya koma naka, ko kuwa ka ƙone shi. Sarakunan ƙasar Hausa ba haka suka fi yi ba. Mu ɗauki misali daga wannan yanki na kan iyakar Kano da Zazzau. Tarihin Kano ya ba da labarin Sarki Kananeji (1390 zuwa 1410), wanda aka ce shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Ya je Turunku aka kore shi, ya sake shiri ya sauka a Gadas, aka kashe Sarkin Zazzau, ya zauna kusa da Shika wata 8, aka tara masa gandu mai yawa, sa'an nan ya koma gida. Bai naɗa Bakano a kan Zazzau ba, bai kuma mai da ita gundumar Kano ba. Goron Nufe ma shaida ce ta wannan tsari: Nufe na nan da sarkinta, abin da ake bukata shi ne ta aiko. Har a ƙarni na 19, kamar yadda M. G. Smith ya nuna a littafinsa na 1960 a kan mulkin Zazzau, Keffi da Nasarawa da Jama'a suna da sarakunansu, gandu da gudummawar mayaƙa suke kawowa Zariya. Wanda ya ci Nufe a wasan ya haɗiye ta, ya sami maki 2, amma ya yi abin da Amina ba ta yi ba.

Wani zai ce ai wasan ma yana taka wa mai haɗama burki, tun da in garuruwanka suka wuce ƙa'ida sai jama'a su shiga ƙunci. Gaskiya ne, amma wannan lissafi ne na yawan garuruwa kurum. Abin da ke taka wa sarkin yaƙi burki a Zazzau damina ce. Dakarun manoma ne, in ruwa ya sauka gona ke kiransu, koguna su cika, doki ya kasa ƙetarewa. A wasan kuwa runduna na iya zama a gindin ganuwa tsawon ƙarni ba wanda ya tambayi hatsi.

Sai kuma abin da aka yi shiru a kansa, watau bayi. Ba za a iya bayanin yaƙin kudancin Zazzau ba tare da ambaton kamen mutane da rumadan da aka cika da su ba, kuma waɗanda aka kama ɗin suna da jikoki a jihar nan, wasunsu ma suna zaune a azuzuwanmu. Babannin nan 40 mutane ne. Wasan ya mai da ganima zinariya tsantsa, ya wanke yaƙi tas, har mai wasa ya ƙone gari bai ji kukan kowa ba. Mai yiwuwa masu shi gudun ɓata wa masu saye rai suka yi, amma ɗalibin da ya tashi da wannan hoto zai ɗauka cin ƙasa gwanintar lissafi ce kawai.

Game da zamaninta ba zan tsawaita ba. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438), wasu manazarta kuma sun kai ta ƙarni na 16, bayan Bakwa Turunku. Wasan ya huta da wannan gardama, domin shugabanninsa ba sa mutuwa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, ya fito da Amina ba tare da Hausawa ba. Babu daular Hausa a cikin waɗanda ake zaɓa, saboda haka sai a ɗora ta a kan Aksum ta Habasha, daga nan Songhai, daga nan Buganda. Songhai ɗin nan kuwa ita ce Leo Africanus ya ce sarkinta Askiya ya ci Zazzau da Katsina da Kano da yaƙi a farkon ƙarni na 16, ko da yake masana da dama suna shakkar labarin. In ya tabbata, to an ba sarauniyar Zazzau tutar waɗanda suka zo cin garinta ta riƙe.