Asiri a Cikin Gida: Nazari a Kan Finafinan Leƙen Asiri na Iyali

Gabatarwa

Bisa asali, labarin leƙen asiri da labarin da ake shirya wa yara hannun riga ne. Na farko an gina shi ne a kan ƙarya da zargi da cin amana, inda tauraro ba ya yarda da kowa, shi ma ba abin yarda ba ne. Na biyu kuwa yana bukatar yaro ya tashi daga kallo da tabbacin cewa akwai wanda zai dogara gare shi. Duk da haka masu shirya finafinai a Amurka sun daɗe suna ƙoƙarin tauna wannan taura biyu, domin yaro ba ya zuwa silima shi kaɗai, kuma babban da ya kawo shi shi ne mai biyan kuɗin ƙofa. Manufar wannan maƙala ita ce a duba inda haɗin ya yi armashi da inda ya ci tura, a kuma gano dalili.

Tushe

Zumuncin da ke tsakanin waɗannan nau'o'i biyu ba sabo ba ne. Ian Fleming, wanda ya ƙago James Bond a littafinsa na 1953, shi ne kuma ya rubuta wa yara Chitty Chitty Bang Bang. Da aka mai da littafin fim a 1968, Albert Broccoli mai shirya finafinan Bond ne ya ɗauki nauyinsa. Abin da yara suka gada daga Bond tun daga nan shi ne kayan ƙawarsa, watau mota mai abin al'ajabi, da maɓoyar mugu, da na'urori masu ban mamaki. Giya da neman mata da kisa kuwa an bar su a baya. Tambayar ita ce, in an zare waɗannan, me ya rage da zai riƙe hankalin babba?

Inda Aka Dace

Amsa mafi gamsarwa tana cikin Spy Kids na Robert Rodriguez, wanda ya fito a 2001. An kashe masa kimanin dala miliyan 35, ya kawo fiye da miliyan 140, kuma a 2024 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adanawa don tarihi. Hikimar Rodriguez, wanda shi kansa ɗaya ne daga cikin 'ya'ya goma na gidansu, ita ce ɗauko asirin daga fadar gwamnati ya dasa shi a tsakar gida.

Fim ɗin ya buɗe ne da uwa, Ingrid, tana ba 'ya'yanta labarin dare a kan wasu 'yan leƙen asiri biyu na ƙasashen da ke gaba da juna, waɗanda aka tura kowannensu ya kawar da ɗan'uwansa, sai so ya shiga tsakani suka yi aure. Yaran ba su san tarihin iyayensu ake ba su ba. Su ma kuwa da nasu ɓoye-ɓoyen. Carmen tana gudun makaranta, ƙanenta Juni yana nuna yana da abokai alhali ba shi da ko ɗaya. Uban, Gregorio, ya ɓoye wata ƙwaƙwalwar na'ura da ya kamata ya lalata, kuma ya yi shekaru ba ya ga maciji da wansa Machete. Ashe kowa a gidan ɗan leƙen asiri ne a kan ɗan'uwansa tun kafin mugu ya bayyana.

A nan ne ƙarfin zubin labarin yake. Sa'ad da aka kama iyayen, yaro mai kallo yana ganin abin da ransa ke so: ƙanana sun shiga jirgin ƙarƙashin ruwa sun tafi ceton manya. Juni kuwa shi ne auta irin na tatsuniya, ɗan hakin da aka raina. Babba yana kallon wannan fage ɗin dai, amma abin da ke taɓa shi daban ne, watau tsoron uban da ya ga 'ya'yansa sun gano shi ba yadda suka ɗauke shi yake ba. Kwano ɗaya ne, kowa na ɗiba daidai cikinsa. Haka nan Floop, mai shirin yara a talabijin wanda ke mai da kamammun jami'ai dodannin wasansa: ga yaro abin tsoro ne mai daɗi, ga babba kuwa hannunka-mai-sanda ne game da akwatin da ya bar wa renon ɗansa.

Ba a ce fim ɗin ba shi da aibu ba. Faɗace-faɗacensa ba su barin ko ƙwarzane, tubar Floop ta zo da sauri fiye da kima, kuma an mai da iyayen raunana domin yara su haskaka. Sai dai ya warware jigonsa da gaskiya, don ba a kai ga nasara ba sai da kowa ya fasa ƙwai, wa da ƙane kuma suka shirya.

Inda Aka Kuskure

Kuskure na farko shi ne a rage wa Bond tsawo a ce an yi na yara. Agent Cody Banks na 2003 ya ɗauki yaro ɗan shekara 15 ya mai da shi ma'aikacin hukumar CIA ba da sanin iyayensa ba. Ƙarya a nan kayan aiki ce da abin dariya, iyaye kuwa shashashai ne da ake zagayewa. Babba ba ya samun komai sai inuwar abin da ya riga ya sani, yaro kuma ana nuna masa cewa gwaninta ita ce iya ɓoye wa na gida.

Na biyu shi ne a raba akushi, a zuba wa yaro nasa a zuba wa babba nasa. Cars 2 na kamfanin Pixar, wanda ya fito a 2011, ya ba manya wata sarƙaƙƙiyar maƙarƙashiya ta ɓata sunan sabon makamashi domin kasuwar man fetur ta ci gaba da ci, har da fagen da aka azabtar da wata motar leƙen asiri aka tarwatsa ta. Yara kuma aka bar su da shirmen Mater, motar janwe da aka ɗauka jami'i ce. Ƙaramin yaro ba ya bin zaren maƙarƙashiyar, babba kuwa shirmen yana ginsarsa, sai ya zama kowannensu yana jiran rabonsa ya zagayo.

Na uku shi ne a bar na'ura ta cinye labari, kuma Rodriguez da kansa ya faɗa wannan rami. A kashi na uku na Spy Kids, na 2003, an jefa Juni cikin wasan kwamfuta, aka raba wa 'yan kallo tabarau mai launi biyu, iyayen kuwa ba su bayyana ba sai dab da ƙarshe. A kashi na huɗu, na 2011, har kati aka raba mai lambobi, a kankara a sansana. Da gida ya fita daga labarin, sai aka koma neman hankalin mai kallo ta ido da hanci.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa yawan barkwancin da aka sakaya don manya ba shi ne ma'aunin irin wannan fim ba, haka ma yawan tsalle-tsalle. Ma'aunin shi ne wanda asirin ya shafa. In asirin na gwamnati ne, yaro baƙo ne a cikinsa, babba kuma ya sha ganin wanda ya fi shi. In kuwa na cikin gida ne, kowa yana da abin da zai rasa, domin babu yaron da bai taɓa tunanin abin da iyayensa ke ɓoye masa ba, babu kuma uban da bai taɓa fargabar ranar da za a tambaye shi ba. Malamin da ke zaɓar abin da zai nuna wa ɗalibai, da manazarcin da ke auna shi, ya kamata su fara da tambaya ɗaya: a ƙarshen fim ɗin, ƙaryar da aka yi wa na gida an biya bashinta, ko kuwa tafi aka yi mata?