Soro na Salif Keita: Wa Ke Jan Ragamar Kiɗan?

A 1987 Salif Keita, mawaƙin ƙasar Mali da aka haifa a Djoliba a 1949, ya fitar da faifan Soro a birnin Faris. Waƙoƙi shida ne kacal, amma har yau ana musu a kansu. Ibrahima Sylla, ɗan Senegal, shi ya ɗauki nauyin aikin, Faransawa biyu kuma, François Bréant da Jean-Philippe Rykiel, suka tsara kiɗan da fiyano na lantarki da kayan busa na Turawa.

Masu suka sun ce ya sayar da gado. Ban yarda ba. Tun 1970, lokacin da yake rera waƙa a ƙungiyar Rail Band a otal ɗin tashar jirgin ƙasa ta Bamako, ana haɗa waƙoƙin Manding da jita da salon Kyuba. Gaurayen ya riga Faris da shekaru. Shi kansa Salif ba ɗan gado ba ne a waƙa. Keita zuri'ar sarauta ce mai danganta kanta da Sunjata, waƙa kuwa sana'ar jeli ce, maroƙan gado, kuma Bahaushe ya san nauyin ɗan sarauta ya ɗauki sana'ar roƙo. Ga shi kuma zabiya, wanda ya sha tsangwama tun yana yaro.

Abin da ya kamata mai nazari ya saurara shi ne wa ke gaba, wa ke bi. A Soro murya ce ke gaba. Salif yana ɗaga ta sama kamar mai kirari a fada, ya ja baiti yadda numfashinsa ya ba shi, ba yadda ma'aunin kiɗan Turawa ya tsara ba, sannan mata 'yan amshi su karɓa. Kayan busa sai su jira ya dire kafin su shigo, su ma amshi suke yi. Fiyanon kuma sau da yawa tafiyar kayan kiɗan gargajiya, balafon da kora, yake bi. Da harshensa na gida Salif ya rera, bai sassauta wa kunnen baƙo ba.

Inda faifan ya raunana a wurina shi ne gangunan na'ura. Bugunsu a sandare yake, ba ya jinkirta wa mawaƙi kamar yadda makaɗi mai rai zai yi, kuma shi ne ɓangaren da ya fi saurin tsufa.

Daga baya Salif ya ƙara nisa da faifan Amen a 1991, tare da Joe Zawinul da Carlos Santana. A 2002 kuma ya fitar da Moffou, ya rage lantarki ƙwarai, ya dawo da tsohon abokin aikinsa Kanté Manfila kan jita, Cesária Évora ta Kef Bad ta raka shi a waƙar Yamore.