Waƙa Ɗaya-Ɗaya Ta Samu Karɓuwa, Amma Ina Muryar Haɗeja?

Zamanin da mawaƙi zai tara waƙoƙi goma a kaset ko faifan CD, ya kai wa 'yan kasuwa a Kano su buga su rarraba, ya kusa shuɗewa. Yanzu waƙa ɗaya ake saki. A ɗora ta a YouTube da Audiomack, a yanko amshinta a jefa TikTok, kafin mako ya zagayo masu tura waƙa a bakin kasuwa da tasha sun cika wayoyin jama'a da ita, daga Haɗeja har Malam Madori da Kafin Hausa. Manya da yawa na ganin harkar ta lalace. Ni kuwa ina ganin alheri ne ya zo, mu ne ba mu iya riƙe shi ba.

Gajeriyar waƙa ba baƙuwa ba ce. Faifan garmaho bai wuce ya ɗauki minti uku zuwa huɗu a kowane gefe ba. Kaset ne ya zo ya ba mawaƙa sararin jan zare. Kuma kowa ya ga abin da waƙa guda take iya yi. A 2020, lokacin kullen korona, "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta shiga gidaje lungu da saƙo, har matan aure suka riƙa gasar rawa da ita. Matashin da ba shi da ubangida, in ya haɗa kuɗin shiga situdiyo sau ɗaya, yau zai iya gwada sa'arsa ba tare da ya yi wa kowa fadanci ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake zubawa a cikin waƙar. Saurari yawancin abin da samarinmu ke fitarwa: kiɗan fiyano iri ɗaya, murya an tace ta da na'ura har ba ka gane mai ita, zancen soyayya da lafazin Kano. Ana gina waƙar ne don daƙiƙa talatin ɗin da za a yi rawa da su, sauran baitocin cikon benci ne. Wanda ya ji ba zai iya cewa daga Haɗeja ta fito ko daga Kaduna ba.

A Ingila an taɓa yin wani abu da ya kamata mu duba. Wasu samari huɗu daga birnin Sheffield, masu suna Arctic Monkeys, sun riƙa raba waƙoƙinsu kyauta a wuraren wasa, masoya suka baza su a intanet. A watan Oktoban 2005 waƙarsu "I Bet You Look Good on the Dancefloor" ta hau matsayi na ɗaya a ƙasar, a Janairun 2006 kundinsu na farko ya kafa tarihin saurin ciniki. Ba su kwaikwayi bakin Landan ko na Amurka ba. Da karin harshen garinsu suka rera, kan 'yan tasi da masu gadin ƙofa da yawon dare na unguwanninsu. Abin da ya bambanta su ke nan.

Haɗeja ba ta rasa abin waƙa ba. Garin Mu'azu Haɗeja ne, wanda ya rasu a 1958 amma har gobe ana nazarin waƙoƙinsa a makarantu, domin ya dubi al'ummarsa ya faɗa mata gaskiya kan giya da karuwanci da neman ilimi. Garin da Sarki Muhammadu ya tsaya wa Turawa a 1906 har ya yi shahada. Ga ambaliyar 2020 da ta 2022 da suka cinye gonakin shinkafa da gidaje. Ga ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa ta hana masunta da manoman fadama sakat. Ga dattawan da suka san yadda kogin Haɗeja yake kafin a gina madatsun Tiga da Challawa. Ko soyayyar ce ma, ta saurayin da ke jiran girbin shinkafa ya kai lefe ta fi ta aro daɗin ji.

Za a ce kasuwa ce ke yanke hukunci, kuma 'yan siyasa da masu biki su ne ke biya. Gaskiya ne, mawaƙi ma yana da cefane. Sai dai a fagen kwaikwayo, ɗan Haɗeja ba zai taɓa kayar da mutanen Kano ba, don sun fi shi kayan aiki da 'yan rawa da masu talla. Abin da yake da shi wanda babu a hannunsu shi ne ƙasarsa da bakinsa.

Don haka masu situdiyo su daina gyara wa yara lafazi. Gidajen rediyon Jigawa su ware lokaci ga waƙoƙin da aka yi a gida kan al'amuran gida. Mawaƙi kuma, cikin kowace waƙa uku da zai saki, ya yi ɗaya wadda in ba ɗan bakin kogin nan ba, babu mai iya yin ta.