Ranar Monet cikin hazo

A shekarar 1874, sa'ad da aka baje zanen Claude Monet mai suna «Impression, soleil levant» a birnin Paris, ɗan jarida Louis Leroy ya yi masa ba'a, yana ganin aiki ne da ba a ƙare ba. Daga wannan ba'a sunan salon ya samo asali. Har yanzu akwai masu ɗaukar zanen aikin gaggawa. A ganinmu sun yi kuskure.

Monet ya zana tashar jiragen ruwa ta Le Havre a 1872, da sassafe, cikin hazo. Kwale-kwalen da ke gaba ɗan shafe ne mai duhu. Hasken da ke bisa ruwa kuwa ƴan gajerun layuka ne ruwan lemo, buroshi ya ajiye su a kwance, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ba tare da gaurayawa ba. Idon mai kallo ke haɗa su, har ruwan ya zama kamar yana motsi.

Gwanintar tana ga rana. In an ɗauki hoton zanen baƙi da fari, sai ta kusan ɓacewa, domin haskenta bai ɗara na sararin da ke kewaye da ita ba. Zaman ruwan lemo kusa da shuɗi mai toka-toka shi ke sa ta ƙyalli. Mai gaggawa da fari zai laɓta mata, ya huta. Monet auna launi ya yi. Duk wanda ya taɓa kallon fitowar rana cikin hazon hunturu, ja wur amma ido na jure ta, ya san gaskiya mutumin ya zana.