Jinjina ga Maƙeran Kekunan Guragu na Kano

A Kano akwai maƙerar da waɗanda cutar shan inna ta nakasa suke gudanarwa da kansu, ƙarƙashin ƙungiyar da Aminu Ahmed Tudun Wada ya daɗe yana jagoranta. Keke mai ƙafa uku suke ƙerawa, irin wanda ake murza fedarsa da hannu. Sun cancanci yabo kan keken, amma sun fi cancanta kan yaran da suke koya wa sana'ar.

A bakin aiki ake koyon komai. A miƙa wa yaro zarto ya yanka bututun ƙarfe, maigida na zaune a ƙasa kusa da shi, yana gyara masa riƙo. Daga nan a kai shi ga walda, ɗaura sarƙa, daidaita birki da fenti. Haɗin da bai kama ba a fasa shi a sake, domin rayuwar wani ce za ta hau keken a titi. Yaron yana koyon sammako, yin ciniki da cika alkawari, daga bakin wanda ya san ciwonsa.

Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, sai dai har yanzu a takarda ta fi ƙarfi. Su kuwa maƙeran nan ba su zauna jiranta ba; kullum suna yaye masu walda.